Rumbunan bayanan halittu: wa ke ɗiba, wa ke tacewa, wa zai biya?

Cikin wata bakwai, daga Nuwamban 2024 zuwa Mayun 2025, an yanke shawarwari uku da suka ɗaure wa ɗalibai da masu bincike kai. A birnin Kali na Kolombiya, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince a kafa asusun da manyan kamfanoni za su riƙa zuba kuɗi idan suna cin moriyar bayanan ƙwayoyin gado. A watan Afrilu, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta rufe wasu rumbunan bayananta ga cibiyoyin ƙasashe shida. Ranar 20 ga Mayu kuma, a Jeniba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da yarjejeniyar tunkarar annoba, amma ta bar sashen musayar ƙwayoyin cuta da bayanansu sai an sake zama.

Ɗaya ta ce a biya, ɗaya ta ce a rufe, ta ukun ta ce a raba amma ba ta gama faɗin yadda za a raba ba. Nan da nan tambaya ta taso: rumbunan da kowa ke shiga kyauta za su koma na kuɗi ke nan? Babu ɗaya daga cikin shawarwarin uku da ta ce haka. Abin da ya haɗa su shi ne sauyin da aka samu a yadda ake ɗibar bayanan. A da mutum ne ke shiga ya duba. Yanzu manhaja ce ke shiga ta kwashe.

Abin da ke cikin rumbun

DNA na kowace halitta rubutu ne da haruffa huɗu: A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3, na ƙwayar korona kuwa kusan dubu 30 ne. Harafi ɗaya kan sauya rayuwar mutum. Cutar sikila ta samo asali ne daga wuri guda a ƙwayar gadon da ake kira HBB, inda GAG ya koma GTG. Ido ba zai iya bin rubutu mai wannan tsawo ba, shi ya sa aka samu fannin nazarin bayanan halittu da kwamfuta, wanda masana ke kira bayo'infomatik.

Manyan rumbunan da ke karɓar wannan rubutu uku ne: GenBank a Amurka, wanda aka kafa a 1982, da ENA na Turai da ke Hinxton a Ingila, da DDBJ a Japan. Kullum suna musayar abin da ya shigo musu, don haka wanda ya zuba a ɗaya kamar ya zuba a duka ne. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar sunan mai ɗiba. Yawancin mujallun kimiyya ba sa buga bincike sai marubucin ya zuba bayanansa a ɗayansu ya kawo lambar ajiya.

Ɗanye da tacacce

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin ba duk abin da ke rumbu ne tsaba ba. GenBank ma'ajiya ce. Abin da mai bincike ya kawo shi ake ajiyewa bayan ɗan dubawa, kuma a ƙa'ida mai shi ne ke da ikon gyara shi. Akwai jerin DNA da aka laƙaba wa sunan halittar da ba tata ba, akwai wanda ya gauraya da na ƙwayoyin da suka faɗa cikin samfur a ɗakin gwaji, akwai abu ɗaya da aka zuba sau da yawa.

Tacaccen rumbu daban ne. A can akwai ƙwararru, galibinsu masu digirin digirgir, da aikinsu shi ne tankaɗe da rairaya: su karanta takardun bincike, su haɗa bayanan da suka warwatse, su ware abin da aka tabbatar a ɗakin gwaji daga abin da kwamfuta ta yi hasashe. Fitaccen misali shi ne Swiss-Prot, rumbun bayanan furotin, wato sinadaran da jiki ke ƙerawa bisa umarnin ƙwayoyin gado, wanda Amos Bairoch ya fara a Jeniba a 1986, yanzu kuma yana ƙarƙashin babban rumbun UniProt. Wanda ya buɗe lamba P68871 a can zai tarar da furotin ɗin jini da sikila ke shafa, da aikinsa, da wurin da sauyin ya faru, da takardun da suka tabbatar da kowace magana. Aiki ne mai cin lokaci, kuma alƙaluma sun nuna hakan. A 2024 shafukan da mutane suka tace a Swiss-Prot kusan dubu 570 ne, waɗanda kwamfuta kaɗai ta yi wa bayani kuwa sun haura miliyan 240.

Darajar wannan ƙaramin kaso ta fito fili a 'yan shekarun nan. Rumbun siffofin furotin, PDB, ya fara da siffa 7 a 1971, ya haura dubu 200 a 2023, kowace siffa kuma sakamakon watanni ko shekarun aikin wani ɗakin gwaji ce. Da waɗannan tacaccun siffofi aka horar da AlphaFold, manhajar kamfanin DeepMind da ke hasashen siffar furotin daga jerinsa. Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin sun samu rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 saboda ita. Ba don aikin masu tacewa na shekara hamsin ba, da manhajar ba ta samu abin koyo ba.

Sai dai kuɗin tacewa bai taɓa zama tabbatacce ba. Masu ba da tallafi sun fi son sabon bincike a kan kula da tsohon rumbu. Swiss-Prot ya kusa rufewa a 1996 saboda rashin kuɗi, daga baya ya ɗora wa kamfanoni kuɗin lasisi na wasu shekaru, har aka kafa UniProt a 2002 da tallafin NIH. KEGG na Japan ya mayar da sauke bayanansa gaba ɗaya na biyan kuɗi a 2011. TAIR, rumbun tsiron da masana ke gwaji da shi, ya koma karɓar kuɗin rajista bayan tallafin gwamnatin Amurka ya ƙare. Wato a tarihi, abin da ya fi rufe ƙofar rumbu shi ne yankewar tallafi.

Ƙofar mutum da ƙofar manhaja

Kowane babban rumbu yana da ƙofa biyu. Ta farko shafin intanet ne: ka rubuta sunan abin da kake nema, ka karanta, ka sauke. Ta biyu ita ce ake kira API, ƙofar da aka yi domin manhaja ta yi magana da manhaja. Mai bincike zai rubuta 'yan layuka da harshen Python ko R, ya ce a kawo masa duk jerin ƙwayar zazzaɓin Lassa da aka samo daga Najeriya tsakanin shekara kaza da kaza, cikin tsari kaza. Ya je ya yi sallah ya dawo, aiki ya kammala. Bambancin kamar na mai awo da mudu ne da ɗan sari mai lodin buhuna.

Amfanin bai tsaya ga sauri ba. Umarnin da aka rubuta shaida ne: wani masani a wata ƙasa zai iya maimaita shi ya ga ko sakamakon zai fito daidai, musamman idan an rubuta lambar fitowar rumbun da aka yi amfani da ita, tunda bayanan na sauyawa. Danna-danna da hannu ba ya barin irin wannan sawu. Akwai kayan aiki na kyauta da suka sauƙaƙa hanyar, kamar Biopython da Bioconductor.

Ƙofar tana da mai gadi, amma aikinsa hana cunkoso ne. Tun ƙarshen 2018, cibiyar NCBI mai kula da GenBank ta ƙayyade buƙata 3 a daƙiƙa ga wanda ba shi da mabuɗi, 10 ga mai mabuɗi. Mabuɗin kyauta ne, rajista kawai ake yi. Wanda ke son rumbun baki ɗaya akwai hanyar sauke shi a dunƙule.

Daga nan matsalar doka ta kunno kai. Idan mutum ya ɗauki jeri ɗaya, ana iya cewa daga ƙasa kaza ya fito. Idan manhaja ta kwashi miliyoyi, ta kwatanta su, ta fitar da wani sabon furotin da babu irinsa a daji ko a gona, ba wanda zai iya nuna rabon kowace ƙasa a cikinsa. Ga shi kuma yawancin tsofaffin bayanan ba sa ɗauke da sunan ƙasar da aka ɗebo samfurin. Sai a 2023 rumbunan uku suka fara wajabta rubuta ƙasa da ranar ɗiba ga sababbin samfura.

Yadda aka zo nan

Al'adu biyu ne suka taso a lokaci guda ba tare da sun dubi juna ba. A 1996, masu aikin karanta DNA na ɗan Adam suka haɗu a tsibirin Bamuda suka amince a riƙa sakin abin da aka karanta cikin awa 24, don kada wani ya mallake shi. Wannan ya zama ɗabi'ar fannin. Shekara huɗu kafin nan, yarjejeniyar kare halittu ta 1992 ta ce kowace ƙasa ce ke da iko da albarkatun halittunta. Ƙa'idar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ƙara da cewa mai son ɗaukar tsiro ko ƙwaya sai ya nemi izini ya kuma yi yarjejeniyar raba amfani. An rubuta ta ne da tunanin samfur da ake sawa a kwalba a tsallaka iyaka da shi. Da karanta DNA ya yi arha, kwalbar ta daina zama dole.

Arangama ta farko mai ƙarfi tsakanin al'adun biyu ta faru a 2007, lokacin da Indonesiya ta daina ba da samfuran murar tsuntsaye. Hujjarta ita ce ana haɗa rigakafi da ƙwayoyin da aka ɗebo daga majinyatanta, sannan a sa masa farashin da ba za ta iya saya ba. A cikin wannan yanayi aka buɗe rumbun GISAID a 2008 da wani tsari na tsaka-tsaki: shiga kyauta ne, amma sai ka yi rajista da sunanka, ka yarda za ka ambaci waɗanda suka samar da bayanan, kuma ba za ka sake rarraba su ba.

Korona ta nuna fuskokin lamarin biyu. Ranar 11 ga Janairun 2020 aka saki jerin ƙwayar a intanet daga ɗakin gwajin Zhang Yongzhen na Shanghai, cikin kwana biyu kuma kamfanin Moderna da masanan NIH suka tsara rigakafinsu ba tare da ƙwayar ta shiga hannunsu ba. A farkon Maris, cibiyar nazarin ƙwayoyin cuta ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ta jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da jerin ƙwayar na farko daga Afirka. Amma da rigakafi ya fito, Afirka ce a ƙarshen layi. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in korona, Omicron, da gaggawa, sakamakon da ƙasashensu suka samu shi ne hana 'yan ƙasarsu tafiya. A Disamba abin ya iso Najeriya: Ingila ta sa ta cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga, Saudiyya ta dakatar da jirage daga ƙasar, masu niyyar Umara suka maƙale.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu son a bar ƙofa a buɗe, waɗanda suka haɗa da masu kula da rumbunan Turai da Amurka da masana da yawa har daga ƙasashe masu tasowa, suna cewa jeri ɗaya shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an kwatanta shi da na duniya. Idan kowace ƙasa ta sa sharaɗinta, manhaja ba za ta iya aiki ba, domin ba ta yadda za a nemi izini ɗari kafin a gudanar da umarni ɗaya. Suna ƙara da cewa babban kamfani yana da lauyoyin da za su bi masa takardu, malamin jami'a a ƙasa matalauciya ne ba shi da su, don haka shi shinge zai fara tarewa. A 2021 ɗaruruwan masana sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kira da a riƙa zuba jerin korona a rumbunan da ba su da sharaɗi.

Ƙasashen Afirka da Latin Amurka da wasu na Asiya suna ganin abin a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A wurinsu buɗaɗɗiyar ƙofa ta fi amfanar mai babbar mota: wanda ke da manyan kwamfutoci da wutar da ba ta yankewa da ma'aikata ɗari zai kwashe bayanan ya buga sakamako kafin wanda ya sha wahalar ɗebo samfurin ya gama nazarinsa. Wannan ne ya sa masanan Afirka da yawa suka fi natsuwa da GISAID a lokacin korona. Ƙungiyar ƙasashen Afirka a tattaunawar yarjejeniyar kare halittu ta taɓa ba da shawarar a cire kashi 1 cikin ɗari na farashin duk kayan da aka samar daga albarkatun halittu.

Shi ma GISAID bai tsira daga suka ba, kuma sukar ta fi yawa a kan ƙofar manhaja. Ɗibar bayanai a dunƙule sai da izini na musamman, masu suka kuma na cewa ba a fayyace ƙa'idar bayarwa ko janyewa ba. A 2024 wasu masana suka buɗe Pathoplexus, inda mai zuba bayani zai iya taƙaita amfani da shi har shekara guda kafin ya zama na kowa.

Kamfanonin magunguna nasu ƙorafin shi ne tsarin biya zai ƙara tsada, ya kawo jinkiri lokacin annoba, kuma ana iya cajinsu sau biyu ko uku a ƙarƙashin yarjejeniyoyi daban-daban. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya turewa. Inda hujjar masu buɗe ƙofa ta yi rauni shi ne shekara da shekaru ba su kawo hanyar raba amfani ba. Inda ta masu neman iko ta yi rauni shi ne bin sawun kowane jeri abu ne da fasahar yau ta riga ta wuce.

Me shawarwarin uku suka ƙunsa?

Shawarar Kali ta raba shiga da biya. Ƙofa za ta ci gaba da zama a buɗe, kuɗin kuma daga cinikin kamfani za a cire shi, ba daga kowane jerin da aka ɗiba ba. Kamfanin da ya haura biyu daga ma'auni uku, wato kadarar dala miliyan 20, cinikin dala miliyan 50, ribar dala miliyan 5, ana sa ran ya ba da kashi 1 cikin ɗari na ribarsa ko kashi 0.1 na cinikinsa. Fannonin sun haɗa da magunguna, kayan kwalliya, kiwata iri da dabbobi, da ayyukan ƙirƙirarriyar basira masu dogaro da waɗannan bayanai. Aƙalla rabin kuɗin na al'ummomin asali da na karkara ne. Jami'o'i da cibiyoyin binciken gwamnati da rumbunan jama'a ba a nemi su biya ba. An ƙaddamar da asusun a birnin Rum a Fabrairun 2025. Rauninsa a bayyane yake: biyan ba dole ba ne sai wata ƙasa ta mayar da shi doka a gida, Amurka kuma, inda manyan kamfanonin suka fi yawa, ba ta cikin yarjejeniyar.

Matakin NIH bai shafi GenBank ba. Ya shafi rumbunan bayanan mutane ne, irin su dbGaP, waɗanda dama sai kwamiti ya amince ake shiga. Dalilin kulle irin waɗannan tun asali shi ne DNA na iya tona mai shi ko an cire suna. A 2013 wasu masana a Amurka sun gano mutum kusan 50 ta hanyar haɗa DNA ɗinsu da shafukan tarihin dangi. Sabon abin shi ne an hana cibiyoyin Sin, Rasha, Iran, Koriya ta Arewa, Kuba da Benezuwela shiga bisa dalilin tsaron ƙasa. Babu ƙasar Afirka a jerin, amma matakin ya tuna wa kowa cewa rumbun da gwamnati ɗaya ke ciyarwa, ita ke riƙe da mabuɗinsa.

Yarjejeniyar annoba kuwa ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin ɗari na rigakafi da magani da kayan gwajin da suke samarwa lokacin annoba, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Wane rumbu za a riƙa zubawa, ko mai ɗiba sai ya yi rajista, da yadda za a ɗaure kamfani da alkawari, duk an tura su ga wani ƙarin sashe, kuma an tsara cewa ba za a buɗe yarjejeniyar don sa hannu ba sai an kammala shi.

Ina talaka a ciki?

Manomin wake a Kano ko Maraɗi yana da alaƙa da wannan magana fiye da yadda zai zata. Najeriya da Nijar ne kan gaba a noman wake a duniya, kuma cikakken jerin DNA na wake da aka buga a 2019 an karanto shi ne daga irin IT97K-499-35, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta samar, irin da aka sani da jure wuta-wuta. Na gero ya fito a 2017 ƙarƙashin jagorancin ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gonar yankuna masu ƙarancin ruwa. Da waɗannan bayanai mai kiwata iri zai iya gane tsiron da ke ɗauke da halin da ake so tun yana ɗan ƙarami, maimakon jiran damina ta ƙare. Idan ƙofa ta ƙuntata, wannan aiki zai yi jinkiri. Idan ta zauna a buɗe babu biya, kamfanin iri na waje zai amfana da abin da manoma suka adana ƙarni da ƙarni ba tare da ko sisi ya dawo ba. Amfanin gona irin wake da gero da dawa suna kuma ƙarƙashin wata yarjejeniyar iri ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai tata tattaunawar daban.

Ga majinyaci, matsalar ta fi karkata ga abin da babu a rumbun. A manyan binciken da ke danganta ƙwayoyin gado da cututtuka, kusan kashi 80 cikin ɗari na mahalarta masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Wani binciken H3Africa, shirin nazarin ƙwayoyin gadon 'yan Afirka, da aka buga a 2020 ya karanta DNA na mutum 426 kacal, ciki har da Berom na Filato, ya samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Likitan da ya nemi ma'anar sakamakon gwajin ɗan Afirka a tacaccen rumbu yakan tarar ba a san shi ba, domin mai tacewa ba zai tace abin da ba a kawo ba.

Ɗalibin da ke Zariya ko Yamai ko Tamale, a yau babu abin da ya sauya masa a GenBank da UniProt da PDB. Zai karɓi mabuɗinsa kyauta, ya rubuta umarninsa, ya ɗebo abin da takwaransa na Landan ke ɗebowa. Shingensa na wani wuri: kuɗin data, wutar da ke ɗaukewa ana tsakiyar sauke fayil mai nauyin gigabait ɗari, da ƙarancin malaman da za su koya masa rubuta umarnin. Shirin H3ABioNet, reshen H3Africa, wanda Farfesa Nicola Mulder ta jagoranta daga Jami'ar Cape Town, ya horar da ɗimbin matasan Afirka a wannan fanni, amma tallafin shekara goma da aka ware wa H3Africa ya zo ƙarshe a wajajen 2022. Shawarar Kali ta ambaci horo da gina ƙwarewa cikin abubuwan da kuɗin asusun zai iya tallafawa, sai dai yawan abin da zai isa ɗakin gwaji a Sahel ya dogara ga kamfanoni nawa suka zuba, da kuma yadda kowace gwamnati za ta raba kason da ya shigo hannunta.